Gidan Ingila a Cikin Rumbunmu

Mijina magini ne, irin wanda in kuna tafiya tare sai ki waiga ki ga ba ya nan, ya tsaya can baya ya kanne ido ɗaya yana duban katangar wani. In ya ga kusurwa a karkace, ranar nan ba za a ci tuwo cikin daɗi ba, sai ya yi ta mita kamar shi aka cuta. Kowace shekara in an gama girbi yakan ɗaure kayan aikinsa ya bi ƴan ci-rani zuwa Kano, kamar yawancin mazan Matameye. Mazan mutane su dawo da atamfa da sabulu da rediyo. Nawa, a shekarar da fari ya fi tsanani, lokacin da soja ba su daɗe da karɓar mulki ba, ya dawo mana da takardu.

Da bazara ya iso. Mu uku ne a tsakar gida, ni da shi da Inna mahaifiyarsa, sai ƴarmu da ke goye a bayana. Ya zaro wani dogon naɗi daga cikin tabarmarsa, ya kwance shi a hankali, ya shimfiɗa a ƙasa. Takardar ta ƙi kwanciya, sai ya cire takalminsa ya danne gefenta.

Inna ta ce, "Kai, ɗauke takalmin nan daga kan rubutu."

Ya ce, "Inna, Ingilishi ne fa."

Ta ce, "Ka iya karanta shi? To ya aka yi ka san babu sunan Allah a ciki?"

Ya ɗauke takalmin ya sa dutse. Ni kuwa na riƙe haɓa na ce, "Maigida, wannan ita ce tsarabar tamu?" Ya ce akwai garin rogo a zaure, in bar surutu in zo in ga ikon Allah.

A wani tsohon gida ya same su, a unguwar da Turawa suka zauna a Kano. An ɗauke su gyara, aka ce su kwashe tarkacen ɗakin ajiya su ƙona, shi kuma ya tsince waɗannan. Zanen gida ne, amma ban taɓa ganin gida irinsa ba ko a littafin lakwal, makarantar bokonmu. Wata babbar ƙubba a tsakiya, ginshiƙai a jere a ƙarƙashinta, sai gini ya miƙe dama da hagu ya lanƙwaso gaba kamar mai shirin rungumar wani. Tagogin da ke jikinsa in kika fara ƙirga su sai idonki ya gaji. A kan rufin akwai gumaka a tsaitsaye, waɗanda yakan rufe da babban yatsa yana cewa a'uzu billahi. Wata takardar gidan ne ta gaba, wata ta gefe, wata kuma an ɗauke rufin ana kallonsa ta sama, ɗaki cikin ɗaki. Na yi lakwal kaɗan, ina karanta Faransanci da ƙyar, amma ƙananan rubutun da ke ƙasan zanen ko kalma ɗaya ban gane ba.

Abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne zanen ba iri ɗaya ba ne. A nan gidan yana da ƙubba, a can gidan ne dai amma ba ƙubba. A nan matakalar shiga ta zo kai tsaye, a can ta rabu biyu. Yakan ce, "Kin ga mutumin nan? Bai gama shawara ba. Nan ya so ya yi kaza, sai ya fasa." Yana maganar mai zanen kamar makwabcinsa ne da suka raba goro. Ya samu gawayi ya ɗiɗɗiga wa kowace ƙofa baƙi, wai yana so ya gane ta inda iska take shiga da inda take fita. Na ce masa iskar Ingila ba za ta cika mana tukunya ba. Ya ce ni dai ban san abin kirki ba.

Maginanmu ba su san gini a takarda ba. In za su fara aiki sai su tsaya a filin, su ja layi da diddige, su bi shi da toka, mai gida ya shiga ya fita ya ce a ƙara nan a rage can. Abin da ƙafa ba ta taka ba, ba su yarda sun san girmansa ba. To ga gonarmu a bakin hanyar Kance, an share ta, an ƙone ƴan kututturan da suka rage, ana jiran ruwa, ruwa ya ƙi zuwa. Ba aiki a gari, don wanda ke cin ƴaƴan anza na daji da dusa ba ya zancen gini. Sai mutumin nan ya ɗauki igiya da turaku da kwandon toka ya tafi gona, wai zai kwantar da gidan Ingila a ƙasa ya ga iyakarsa.

Na kai masa ruwa wata rana na same shi a tsakiyar fili, fari fat da toka, yana dariya shi kaɗai. Ya ce, "Tsaya nan, kina cikin zauren. Ɗaga kanki, ƙubbar tana samanki." Na ɗaga kai, babu komai sai rana. Gonar tamu gaba ɗaya ba ta ɗauki gidan ba, hannunsa na hagu ya faɗa gonar makwabci. Na yi masa tsiya son raina, amma ba zan ɓoye ba, rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun kafin tumakinmu su mutu.

A kwanakin nan gari ya cika da raɗe-raɗi. Ana cewa akwai masu shirin tumɓuke sojan, wai ta kan iyaka za a shigo da makamai, kuma mu a bakin iyakar muke. Mutum zai fita kasuwa da safe, da yamma a ce an tafi da shi Damagaram, kuma ba wanda zai tambayi dalili. Ko a bakin rijiya in an ambaci gwamnati sai kowacce ta duƙa kan guganta.

Wani makiyayi ne ya tsaya a ƙofar gidanmu da hantsi, bai ko yarda ya zauna ba. Ya ce motar jandarma ta tsaya a bakin gonarmu, mutum biyu sun sauka sun bi layin tokar daga wannan kai zuwa wancan, sun cire turke ɗaya sun tafi da shi. Sun tambaye shi gonar wa ce, ya ce shi baƙo ne. Yana gama faɗa ya kaɗa awakinsa ya yi gaba.

Maigida ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Da la'asar ya sari ƙaya ya je ya ja ta a kan gonar har layin ya ɓace. Da ya dawo na tare shi a tsakar gida na ce, "Kawo takardun nan in sa su a murhu." Ya ɗauko naɗin ya riƙe. Na ce, "Rubutun Ingilishi, daga Najeriya, ga shi ka ɗiga wa kowace ƙofa baƙi. In suka ce gidan shugaban ƙasa ne, me za ka ce musu? Iska kake nema?" Ya miƙo mini.

Ban kai ga murhu ba Inna ta sha gabana. Ta ce a gidan da take ba a ƙona rubutu, ba a taɓa yi ba, kuma ba da ita za a fara ba a shekarar da ake roƙon Allah ruwa. Na ce, "Inna, ransa fa ake magana." Ta ce, "Ke ƴar nan, ba ni nan. Na san inda zan kai su, inda ba ƙafa ba gara." Surukata ce. Na miƙa mata da hannu biyu, ban kuma tambaye ta ina ne ba. Shi ma bai tambaya ba.

Muka zauna jira. Duk motar da ta taso daga bakin kasuwa sai in tsaya da taɓarya a sama har ƙararta ta wuce. Maigida ya daina zama a dakalin ƙofar gida. Kwana ya bi kwana ba wanda ya zo, har na fara cewa a raina wataƙila sun manta.

Ana nan sai mai unguwa ya sa aka yi shela cewa za a bi gida gida a duba rumbuna. Sabuwar gwamnati tana kama masu ɓoye hatsi, wanda kuma aka samu rumbunsa wayam za a ba shi jar dawar agaji. Wallahi murna na yi. Garin rogon ya ƙare, nonona ya janye, yarinya tana kuka ba murya. Rumbunmu rabonsa da hatsi tun bara, kuma ni ban taɓa leƙa shi ba, don mace ba ta leƙa rumbun mijinta.

Da safe aka yi shelar, da hantsi suka zo, wani ajidan, babba a cikin jandarma, da yaransa biyu da ɗan aiken mai unguwa. Inna ta tafi gaisuwar mutuwa bayan gari tun da sassafe, ba ta ji shelar ba. Ni da kaina na yi musu jagora zuwa bayan ɗaki, ina cewa, "Ku duba, ranku ya daɗe, ko ɓera ya yi ƙaura." Har ɗaya daga cikinsu ya yi dariya. Maigida ya kawo tsani ya ɗage murfin rumbun, jandarman ya hau ya zura kai.

Daidai lokacin Inna ta shigo. Ta ga tsani a jikin rumbu, ta ga ƙafafun mutum a sama. Sai ta dafa bango ta sulale ta zauna a ƙasa. Ina ganin fuskarta na gane inda ta kai takardun.

Jandarman ya sauko da naɗin, a nannaɗe cikin farin zanen Inna mai tsabta, an ɗaure shi da kaba. Ajidan ya kwance ya shimfiɗa a kan turmin da na kifa. Ya daɗe yana duban wanda aka ɗauke wa rufi, ya bi ɗigon gawayin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Ya ce, "Gonar hanyar Kance taka ce?"

Maigida ya ce, "Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Wa ya share zanen?"

"Ni ne."

"Don me ka share, in ba komai ba ne? Don me ka ɓoye waɗannan a rumbu?"

Maigida ya buɗe baki ya fara zancen ƙubba da iska da wani Bature da bai gama shawara ba. Ni da na san gaskiya ce, ina ji ina jin ba ta yi kama da gaskiya ba. Inna ta rarrafo ta ce ita ta sa su, saboda rumbu ne wuri mai tsarki a gidan, sama yake, ba a taka shi. Ajidan bai ko kalle ta ba.

Shi ɗan fari ne, kuma tun da na zo gidan ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba. Sai dai ta ce "kai", ko ta ce mini "mutumin ɗakinki". Ranar da suka fita da shi ta zaure, hannunsa a ɗaure da igiyar da yake awo da ita, ta bi su har titi ba mayafi tana kiran sunansa da ƙarfi. Ya waigo a firgice, don bai san muryarta da sunan ba.

Na kai masa kunu birigadi, ofishin jandarma, da yamma, mai gadi ya ce in koma da abina. Washegari aka ce an wuce da shi Damagaram. Daga nan labari ya yanke.

Ban san ana iya jin tsoro har a manta da yunwa ba sai a lokacin. Matan unguwa suka daina shigowa ɗibar wuta. Wadda muke kitso tare, in ta hango ni a hanyar rijiya sai ta tsuguna gyaran gammo har in wuce. Ban ga laifinsu ba, amma na ji haushi, kuma har yau akwai wadda ban sake ci a kwanonta ba. Jar dawar ta zo, na tsaya a layi kaina a ƙasa, ina jiran a ce matar mai zane ta fita. Ba a ce ba. Na kawo ta gida muka dafa, muka kasa ci. Wani ya ce mini irin laifin nan arewa ake kai mutum, cikin sahara, inda ba a dawowa. Wani ya ce ba a ma kaiwa. Kowa da abin da ya ji, kuma kowa sai ya rage murya kafin ya faɗa.

Ni da Inna ba mu yi faɗa ba. Da mun yi da ya fi sauƙi. Ina gaishe ta ta amsa, in ajiye mata abinci in ɗauke shi yadda na ajiye.

Wata safiya ina karkaɗe jeren kwanonina, sai wata takarda a ninke ta faɗo daga bayan babbar tasa. Na buɗe, ƙubbar nan ce, ita kaɗai, da ginshiƙanta. Ashe ranar da ya miƙo mini naɗin ya zare wadda ya fi so ya ɓoye. Na tsaya a tsakar ɗaki da ita a hannu, ina jin kamar maciji na riƙe. In suka dawo bincike suka same ta, za su ce akwai sauran da ba a ba su ba, za su koma kansa. Na fito, ban ma san inda na nufa ba.

Inna tana bakin murhu tana hura wuta. Ta dube ni, ta dubi takardar, ta miƙo hannu. Na ce a raina, yau kam in ta ce rumbu, sai dai a ce ba ni da kunya. Ta karɓa, ba ta buɗe ba. Ta tura ta ƙarƙashin tukunya, ta danna da kara har ta kama. Hawaye yana bin fuskarta ta ce, "In da sunan Allah a ciki, ni zai tambaya, ba ke ba." Muka zauna gefe da gefe har ta zama toka, ta sa kara ta dagargaza tokar.

Ruwa ya sauko a makare. Ni da ita muka yi shuka da irin da wani ƙanen mahaifina ya aiko daga Kurni, ina sara tana jefawa. A wasu wuraren in na sara sai in ga farin toka a ƙarƙashin yashi, in yi sauri in rufe da ƙafa.

Hatsi ya kai gwiwa lokacin da motar kasuwa ta sauke shi. Ban gane shi daga nesa ba, saboda tafiyar ba tasa ba ce. Yana taka ƙasa a hankali kamar mai tafiya a kan garwashi. Da ya zauna na kawo ruwan ɗumi na cire masa takalmi, na ga tafin ƙafarsa duk tabon duka, na juya baya don kada Inna ta ga fuskata. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba.

Sai bayan girbi ya ba ni labarin sakinsa, sau ɗaya tak. An kai takardun biro, wato ofishin masu aikin gine-ginen gwamnati, wani injiniya da ya yi karatu a waje ya duba ya karanta ƙananan rubutun. Ya ce gidan wani mai sarauta ne a ƙauyen Ingila, an gina shi tun kakannin kakanninmu ba su zo duniya ba, kuma waɗannan hotunan zanen farko ne da aka buga don masu koyon aiki. Ya ce gidan da aka gina a ƙarshe ma ba haka ya fito ba. Sai aka buɗe ƙofa aka ce ya tafi. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Kin ji ko? Na faɗa miki mutumin bai gama shawara ba." Can ya tambaye ni ko na ga wata takarda a bayan tasa. Kafin in amsa Inna ta ce daga ɗakinta, "Ni na ƙona ta." Ya dubi ƙofar zaure, ya ce, "Kin kyauta, Inna."

Bai sake zuwa Kano ba. Ya ci gaba da gini a gari, amma sai dai wani ya ja layi shi ya ɗora. Na ɗauka ciwon ƙafar ne.

Bayan wasu shekaru aka yi damina mai ƙarfi, ɗakin Inna ya zube. Muka kwashe ƙasar, ya tsaya a filin, a cikin gidansa, ba kowa sai ni da ita da yara. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya kafa diddige ya fara ja, bango ɗaya, bango biyu, a miƙe sak kamar da. Na ɗauko masa toka ina jin daɗi a raina. Yana cikin na uku sai muka ji mota ta rage gudu ta tsaya a ƙofar gida. Kafin in ajiye kwanon tokar ya riga ya bi layin da ƙafa yana sharewa, da sauri, yana haki, har ya tuntsure tulun ruwa. Ya gama ya tsaya a tsakiyar filin, hannuwansa a haɗe a gaba, kansa a ƙasa, yana jira.

Motar mai sayen gyaɗa ce, direban yana neman ruwan zuba wa inji.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni na fita na ba direban ruwa, na zage shi a raina ba laifin da ya yi. Washegari maigida ya kwaɓa ƙasa ya fara ɗora tubali ba layi ba igiya, da ido kawai. Ɗakin yana nan har yau, jikokina ke kwana a ciki. Kusurwarsa ta gabas a karkace take, kowa ya shigo sai ya gani, kuma har ya rasu ban ji ya yi mitar ta ba.